Maganin Wani Gubar Wani

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin shekarar 2005, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan ƙaiƙayin kulorokwin. A gida ɗaya mutum biyu za su kwanta da zazzaɓi iri ɗaya, a ba su ƙwaya iri ɗaya daga kwalba ɗaya. Ɗaya ya sha ya yi barcinsa lafiya lau, ɗayan kuwa ya kwana biyu ko uku yana susa kamar wanda aka watsa wa ƙaiƙayi a shimfiɗa. Likitoci sun daɗe da lura cewa wannan ƙaiƙayi ya fi addabar baƙar fatar Afirka, da wuya a gan shi ga Bature, kuma yakan bi dangi. Mutane da yawa sun riƙa ajiye maganin tun kafin su gama shanye shi saboda tsoron susa, zazzaɓin kuwa ya dawo musu da ƙarfinsa.

Abin da jama'a suka ɗauka a matsayin ɗan abin ban haushi, a wurin masana babbar ƙofa ce ta ilimi. Tambayar ita ce, me ya sa magani ɗaya, awo ɗaya, yake warkar da wannan, ya wuce ta jikin wancan kamar ruwa, sa'an nan ya kwantar da na uku a gadon asibiti? Amsar tana da rassa da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu shi ne gado, watau ƙwayoyin halittar da kowane ɗan Adam ya karɓo daga uwa da uba. Ra'ayinmu a nan shi ne, lokaci ya yi da hukumomin lafiya za su daina kallon wannan fanni a matsayin ƙawa ta ƙasashe masu arziki, domin mu ne muka fi kowa bukatarsa, kuma akwai ɓangarensa da ba ya neman kuɗin da ya fi ƙarfinmu.

Tafiyar magani a cikin jiki

Idan mutum ya haɗiyi ƙwaya, sai ta narke a ciki, ta shiga jini, ta bi ta hanta. A cikin hanta akwai waɗansu sinadarai da aikinsu shi ne sarrafa magani. Wani maganin su ne suke karya ƙarfinsa domin ƙoda ta fitar da shi ta fitsari, wani kuwa yana shigowa ne a kulle, sai su ne za su buɗe shi ya fara aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai jiki yana ƙera shi ne bisa umarnin da ke rubuce a ƙwayar gado, kuma rubutun ba ɗaya ba ne ga kowa. Wani hantarsa tana aiki da gaggawa, kafin magani ya yi amfani ta share shi. Wani tasa tana da nawa, sai maganin yau ya tarar da na jiya, na gobe ya hau kansu, har ya zama guba. Awon da aka rubuta a jikin kwali an yi shi ne domin matsakaicin mutum, alhali wanda ke zaune gaban likita mutum ne takamaimai, ɗan wane jikan wane.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. A shekarar 1957 wani likita a Amurka mai suna Arno Motulsky ya rubuta cewa da yawa daga cikin illolin magani da ake mamakinsu mai yiwuwa suna da asali a gado, a 1959 kuma Bajamushe Friedrich Vogel ya raɗa wa fannin suna. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, misalin da ya fi kowanne buɗe idanun masana a wancan zamani a jinin baƙar fata aka same shi.

Labarin firimakwin

A lokacin yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, rundunar Amurka ta riƙa ba sojojinta wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin. Yawancinsu sun sha ba abin da ya same su. Amma kimanin ɗaya cikin goma na sojoji baƙaƙen fata sai jininsu ya riƙa tsinkewa, fitsarinsu ya yi duhu kamar baƙin shayi, idanunsu su yi ɗorawa, ƙarfi ya ƙare. Likitocin Jami'ar Chicago, a ƙarƙashin Alf Alving, suka bi sawun al'amarin ta hanyar gwaji a kan fursunonin gidan yarin Stateville da ke jihar Illinois, har a 1956 suka bayyana dalili: jajayen ƙwayoyin jinin waɗannan mutane suna da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD.

Aikin wannan sinadari shi ne kare jajayen ƙwayoyin jini daga wani irin lahani mai kama da tsatsar da ke cin ƙarfe. Sauran sassan jiki suna da waɗansu hanyoyi na kare kai, amma jar ƙwayar jini da shi kaɗai ta dogara. Mai ƙarancinsa yana iya yin shekara hamsin bai san yana da shi ba, yana noma yana fatauci, sai ranar da ya haɗu da maganin da ke ta da wannan tsatsa, sa'an nan ƙwayoyin jinin su fashe da yawa a cikin kwana biyu ko uku. Idan abin ya yi tsanani sai an yi ƙarin jini, wani lokaci ma ƙoda ta tsaya. Ƙwayar gadon tana bin layin uwa zuwa ga ɗanta namiji, shi ya sa ya fi bayyana ga maza, ko da yake mata ma ba su tsira duka ba. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 400 ne suke ɗauke da shi a duniya, kuma binciken da aka yi a sassa daban-daban na Nijeriya yakan same shi ga namiji ɗaya cikin biyar ko shida.

Me ya sa ya yi yawa haka a wurinmu? An sami wani babban ɓangare na amsar ne a nan ƙasar. A 1969, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, Lucio Luzzatto da Essien Usanga da abokin aikinsu suka nuna cewa ƙwayar cutar cizon sauro ta fi son zama a jar ƙwayar jini mai cikakken sinadarin, tana ƙyamar mai ƙarancinsa. Ke nan abin da yake rauni a gaban magani, garkuwa ne a gaban sauro, kamar dai yadda ƙwayar gadon sikila take kare mai ɗauke da rabinta. Dubban shekarun da kakanninmu suka yi suna fama da sauro su ne suka bar mana wannan gado.

Darasin Lapdap

Wanda yake zaton wannan tsohon labari ne, sai ya tuna da Lapdap. Magani ne da aka haɗa musamman domin zazzaɓin cizon sauro na Afirka, mai araha, aka fito da shi a 2003 ana ta murna. A cikinsa akwai dafson, wanda likitoci suka daɗe da sanin yana fasa jinin masu ƙarancin G6PD. Da aka faɗaɗa gwaji a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, sai aka ga jinin yara masu wannan gado yana zubewa ƙasa matuƙa, wasunsu sai da aka yi musu ƙarin jini. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya janye maganin daga kasuwa. An yi magani domin Afirka, amma ba a yi lissafi sosai da jinin 'yan Afirka ba. Shi kuwa dafson har yanzu yana cikin magungunan kuturta, haka nan akwai nitirofurantoyin da ake bayarwa domin ciwon mafitsara, wanda shi ma yana cikin jerin da aka gargaɗi masu wannan gado a kansu.

Abin da ya fi tayar da hankali kuwa a ɗakin mai jego yake faruwa. Ƙarancin G6PD yana cikin manyan dalilan shawara mai tsanani ga jarirai a Nijeriya. Uwa takan adana kayan goyo a akwati tare da ƙwallayen kafur domin korar kyankyaso da asu, ranar haihuwa a ciro su a naɗe jariri. Sinadarin naftalin da ke cikin waɗannan ƙwallaye yana shiga ta fata da numfashi, kuma ga jariri mai wannan gado ya isa ya fasa masa jini. Likitoci a ƙasashen Larabawa da Turkiyya sun rubuta irin wannan game da lalle da aka shafa wa jarirai, abin da ya kamata matanmu su ji da kunnen basira. Idan shawara ta hau ƙwaƙwalwa, ko dai jaririn ya rasu, ko ya rayu da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Sau nawa aka ɗora wa mayu da iskoki laifin abin da ɗigon jini ɗaya zai iya bayyanawa?

Kodin da sauransu

Misali na biyu kowa ya san sunansa, ko da yake ta wata fuska. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda yake lalata matasa, musamman a Kano. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kodin da kansa ba shi da wani ƙarfi. Hanta ce take mayar da shi mofin ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. Tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa ba su da wannan sinadari mai aiki, saboda haka kodin ba ya rage musu zafin ciwo. Waɗansu mutane kuwa sun gaji ƙwayar ninki biyu ko fiye, hantarsu tana zubo mofin da yawa a lokaci guda, har numfashi ya iya tsayawa a kan awon da likita ya rubuta daidai. Wani bincike na 1996 ya sami irin waɗannan mutane har kashi 29 cikin ɗari a Habasha. Bayan mutuwar yara da dama da aka ba kodin bayan tiyatar maƙogwaro, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a 2013, a 2017 kuma ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12. Taramadol ma ta wannan ƙofa yake bi. Saurayin da yake cewa abokinsa ya sha kaza bai mutu ba, bai san cewa hantarsa da ta abokin ba ɗaya ba ce.

Masu shan maganin ƙanjamau sun ɗanɗana nasu. Shekaru da yawa ifabirenz shi ne ginshiƙin maganin a Afirka, a kan awon miligiram 600 da aka tsayar bisa gwajin da aka yi galibi a Turai da Amurka. Masu sha da yawa sun yi ta kukan jiri, da munanan mafarkai, da rikicewar tunani. Daga baya aka tabbatar cewa nau'in ƙwayar gadon da ke sa hanta ta yi nawa wajen fitar da wannan magani ya fi yawa ga 'yan Afirka. A 2014 wani babban gwaji ya nuna cewa miligiram 400 yana aiki daidai da 600, da ƙarancin wahala, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegirabir a kansa. Kafin a kai ga haka, Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka jefar da maganinsu, aka kuma zarge su da taurin kai.

Haka abin yake ga isoniyazid na tarin fuka. Tun cikin shekarun 1950 aka gane cewa mutane sun kasu biyu, masu saurin fitar da shi da masu nawa. Wajen rabin mutanen Turai da na Afirka masu nawa ne, a Japan kuwa kimanin ɗaya cikin goma. Masu nawa su ne suka fi fuskantar zogi da mutuwar jijiyoyin ƙafa da lahani a hanta, abin da ya sa ake haɗa wa waɗansu da bitamin B6.

Jinin wa aka auna?

A nan ne gizo yake saƙa. Ƙasashen da suka ci gaba sun riga sun shigar da wannan ilimi cikin aikin asibiti na yau da kullum. A Taiwan aka gano a 2004 cewa wata ƙwayar gado ce take sa maganin farfaɗiya mai suna kabamazefin ya saɓule wa mutum fata kamar wanda wuta ta ƙona. Da suka fara gwada jini kafin bayar da maganin, sai wannan masifa ta ragu ƙwarai. A 2023 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe bakwai na Turai a kan mutum kusan 7,000, inda aka auna ƙwayoyin gado 12 kafin rubuta magani, illolin magani masu nauyi suka ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Aikin karanta dukan ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka kammala a 2003 ya ci kimanin dala biliyan 3, amma yanzu ana karanta na mutum ɗaya a kan ƙasa da dala 1,000.

Wani zai ce to, sai mu sayo na'urorinsu mu huta. Abin bai kai nan sauƙi ba. Wani lissafi da aka buga a 2016 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu Turawa ne, masu asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3 kacal, yawancinsu ma mazauna Amurka. Alhali Afirka ce mahaifar ɗan Adam, kuma bambancin ƙwayoyin gado da ke tsakanin al'ummominta ya fi na kowace nahiya. Shekaru da dama samfurin jinin da aka ɗiba daga Yarabawan Ibadan shi ne yake wakiltar kusan dukan Afirka ta Yamma a manyan ɗakunan bincike na duniya. Da shirin H3Africa ya karanta ƙwayoyin halittar mutum 426 kawai daga ƙabilu 50, ciki har da Birom na Filato, sai aka sami bambance-bambance fiye da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubuta su ba, kamar yadda aka buga a 2020.

Illar wannan giɓi ta riga ta bayyana. Warfarin magani ne na tsinka jini, wanda idan ya yi yawa mutum ya yi ta zubar jini, idan ya yi kaɗan jini ya daskare. An tsara wani lissafi na tsayar da awonsa bisa ƙwayoyin gado, aka gwada shi a Amurka a 2013, sai aka tarar cewa ga baƙaƙen fata lissafin ya ƙara ɓata al'amari, domin an gina shi a kan nau'o'in da suka fi yawa ga Turawa, an bar na 'yan Afirka a waje. Rigar aro ba ta rufe katara. Idan muna son awon da ya dace da mu, dole a auna mu.

Kuma an nuna cewa za mu iya. A 2019 aka buga sakamakon gwajin CREOLE, wanda Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka a kan masu hawan jini fiye da 700. An gano cewa haɗin da yake da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fatar Afirka a kan haɗin da babu shi. Wannan gwaji bai auna ƙwayar gadon kowa ba, amma ya yi abin da muke kira a yi, watau a gwada magani a jikin waɗanda za su sha shi. A garin Ede na jihar Osun kuma, cibiyar da Farfesa Christian Happi yake shugabanta a Jami'ar Redeemer's ita ce ta fara karanta ƙwayar halittar cutar korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020. Masana muna da su, na'urori ma ba a rasa ba.

Abin da masu suka za su ce

Akwai masu cewa ƙasar da asibitin ƙauye ba shi da ruwa, ba shi da wuta, jabun magani ya cika kasuwa, mace tana mutuwa wurin haihuwa saboda rashin jini, ina ruwanta da ƙwayoyin gado? Maganarsu tana da nauyi, kuma ba ma kira a kwashe kuɗin allurar rigakafi a sayi na'urar karanta ƙwayoyin halitta. Amma su ma su yi lissafi: nawa ake kashewa wajen ƙarin jini, da kwanciya a asibiti, da renon yaron da shawara ta nakasa har tsawon rayuwarsa? Gwajin G6PD ba ya bukatar karanta ƙwayar gado. Ɗigon jini ne daga yatsa ko diddige, sakamako ya fito cikin mintoci. Tun 1989 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a riƙa gwada jarirai a duk inda abin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na maza, mu kuwa mun ninka haka sau uku ko fiye. Singafo ta fara wannan gwaji a 1965, lokacin da ba ta zama ƙasar da take a yau ba, ta haɗa shi da wayar da kan iyaye a kan kafur, kuma lalacewar ƙwaƙwalwar jarirai saboda shawara ta kusa ɓacewa a can. A watan Disamba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar hannu ta farko ta yin wannan gwaji.

Waɗansu kuma suna tsoron kada abin ya zama sabon makamin ƙabilanci, a riƙa cewa maganin Hausawa daban, na Fulani daban, na Kanuri daban. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma ilimin da kansa ya rushe irin wannan tunani. Launin fata da sunan ƙabila ba su ne ƙwayar gado ba. 'Yan uwa biyu ciki ɗaya, ɗaya yana iya zama mai ƙarancin G6PD ɗayan kuwa lafiyayye. Likitan da ya dubi fuskar mutum ya yanke masa awo, canki-canki ya yi. Amfanin ƙididdigar al'umma shi ne ta nuna wa hukuma gwajin da ya kamata ta tanada, hukunci kuwa jinin mutum ne kaɗai zai yanke shi.

Sai batun amana, wanda a Arewa ba a wasa da shi. Mutanen Kano ba su manta da gwajin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, wanda ya kai ga shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda zai ɗebi jinin jama'a domin bincike, wajibi ne ya yi musu bayani da harshensu, ya nemi yardarsu a fili, ya faɗi inda za a kai jinin da wanda zai amfana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin gado cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, saura a ga aiki da ita. Kada kuma sakamakon gwaji ya zama abin gori ko dalilin fasa aure, domin ƙarancin G6PD ba irin sikila ba ne. Mai shi yana rayuwa kamar kowa muddin ya kiyaye abubuwa 'yan kaɗan.

Har ila yau, gado ba shi ne kome da kome ba. Shekaru, da nauyin jiki, da lafiyar ƙoda da hanta, da juna biyu, da sauran magungunan da mutum yake sha, har da saiwoyi da jiƙe-jiƙen da ba a faɗa wa likita, duk suna sauya aikin magani. Wanda ya karanta wannan sharhi ya je ya ajiye maganin hawan jininsa ko na tarin fuka da sunan bai dace da jininsa ba, ya cuci kansa. Abin yi shi ne ya koma wurin wanda ya rubuta masa, ya faɗi abin da yake ji.

Inda ya kamata a fara

Da farko, a mayar da gwajin G6PD wani ɓangare na karɓar haihuwa, a soma daga asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da manyan asibitocin jihohi, sa'an nan a gangara ƙasa. A rubuta sakamakon a katin rigakafin yaro, wanda uwa take adanawa ko ta halin ƙaƙa. Jama'armu sun riga sun saba da gwajin jinin sikila, har jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, saboda haka ba baƙon abu za a kawo musu ba.

Na biyu, a wayar da kai. Ungozoma da malaman asibitin sha-ka-tafi su riƙa gaya wa masu ciki tun a wurin awo cewa a raba kayan jariri da kafur, kada a shafa masa lalle, kuma idan idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi ana jiran sauƙi. Gidajen rediyo suna da rawar takawa, haka ma malamai a wurin wa'azi da taron suna.

Na uku, a raya aikin kai rahoton illar magani. Hukumar NAFDAC tana da cibiyar wannan aiki tun 2004, da takarda ruwan ɗorawa da ake cikawa, amma ma'aikacin lafiya nawa ne a karkara ya taɓa riƙe ta? Ba domin likitocin Taiwan sun rubuta abin da suka gani ba, da ba a gano kome ba. Kowane rahoto da aka bari ya salwanta, darasi ne aka binne.

Na huɗu, a ja wa masu kemis da masu tallar magani a tasha da kasuwa burki. Duk wannan ilimi ba shi da amfani a inda yaro zai miƙa kuɗi a ƙulla masa ƙwayoyi kala biyar a leda, babu suna babu awo. Jama'a su ma su bar al'adar nan ta miƙa wa maƙwabci ragowar magani saboda ya yi wa mai shi aiki.

Na biyar, gwamnatocin jihohi da asusun tallafa wa manyan makarantu su ware kuɗi domin jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos su binciki ƙwayoyin gadon al'ummominsu game da magungunan da aka fi sha, watau na zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da ƙanjamau, da hawan jini, da farfaɗiya. A kuma sanya fannin sosai cikin karatun likitoci da masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kai kuma mai karatu, naka aikin ba ya bukatar kasafin kuɗi. Idan wani magani ya taɓa sa fitsarinka ya yi baƙi, ko ya feso maka da ƙuraje, ko ya kumbura maka leɓe da fuska, ka riƙe sunansa, ka rubuta, ka gaya wa duk likitan da ka zauna gabansa, ka kuma gaya wa 'ya'yanka da 'yan uwanka, domin mai yiwuwa gadon gida ne. Shekara kusan saba'in ke nan da aka gano sirrin firimakwin a jinin jikokin Afirka, fiye da shekara hamsin kuma da Ibadan ta bayyana wa duniya dalilinsa. Abin kunya ne a ce har yanzu ana haihuwar jarirai a ƙasar nan ana sallamar su ba a ɗiga jininsu an duba ba. Muna fata mahukunta za su dubi wannan al'amari da idon basira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma sa mu dace.